Kotun Tsarin Mulkin Nijar: mai yanke hukunci da ba ta da mai zartar mata

Ranar 29 ga watan Yunin 2009 shugaba Mamadou Tandja ya rusa Kotun Tsarin Mulki ta Nijar. Babu ayar doka ko ɗaya a kundin 1999 da ta ba shi wannan iko. Abin da kundin ya ce ma shi ne ba mai tsige alƙalan nan bakwai har sai wa'adinsu ya cika. Laifinsu kawai, sau uku suna ce masa a'a cikin wata guda. Wanda duk yake son ya san amfanin irin wannan kotu, da kuma inda ƙarfinta yake ƙarewa, kwanaki 35 da ke tsakanin 25 ga Mayu da 29 ga Yuni na waccan shekarar sun ishe shi karatu. Sai dai ba a fahimtar su sai an san daga ina kotun ta fito.

Mai karatu a Najeriya zai iya tambayar ko ita ce kotun ƙoli. Ba ita ba ce. A Najeriya, kamar a Amurka, shari'ar da ta shafi tsarin mulki tana iya farawa daga babbar kotu, ta bi ta kotun ɗaukaka ƙara, ta ƙare a kotun ƙoli, a gaban alƙalan da ke sauraron rikicin fili da na kisan kai. Ƙasashen da Faransa ta rena sun bi wata hanya dabam, wadda ta samo asali daga Ostiriya a 1920, Faransa kuma ta yi irin nata a 1958: a ware kotu guda, a ce mata aikinki kundin tsarin mulki da zaɓe, ba ruwanki da gado ko bashi. Jamhuriyar Benin ce ta fi yin suna da wannan a yankinmu bayan taron ƙasarta na 1990, kotunta kuma ta fara aiki a 1993.

Nijar ba ta yi saurin bin sahu ba. Taron ƙasa da aka yi a Yamai daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamban 1991 ya haifar da kundin Disamban 1992, amma a cikinsa aikin tsarin mulki wani ɓangare ne kawai a cikin kotun ƙoli. Wannan ɓangaren ya sha wuya. A 1995 shugaba Mahamane Ousmane da firaministansa Hama Amadou suka yi ta zaman doya da manja, har kan wane ne zai tsara abin da taron ministoci zai tattauna, kuma abin da alƙalai suka faɗa bai kashe wutar ba. Ibrahim Baré Maïnassara ne ya raba su da juyin mulki ranar 27 ga Janairun 1996. A Yulin shekarar Baré ya rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'a, kotun ƙoli kuma ta tabbatar masa da nasara tun zagayen farko. A Afrilun 1999 ta soke sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi a wurare da dama inda 'yan adawa ke ganin sun ci, kwanaki kaɗan kafin masu gadin Baré su harbe shi a filin jirgin sama na Yamai ranar 9 ga wata. Waɗanda suka zauna rubuta kundin jamhuriya ta biyar a 1999 duk sun ga wannan da idonsu. Shi ya sa suka fitar da kotun daga cikin kotun ƙoli, suka ba ta gashin kanta.

A ganina, hikimarsu mafi girma ba ta cikin jerin ikon da suka ba kotun, tana cikin yadda ake samo alƙalanta. Bakwai ne, kowa ya kai shekara 40. Shugaban ƙasa ya kawo mutum ɗaya. Shugabannin majalisar dokoki su kawo ɗaya. Alƙalan ƙasa su zaɓi biyu daga cikinsu, lauyoyi su zaɓi ɗaya, malaman shari'a na jami'a su zaɓi ɗaya, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam su turo ɗaya. Shugaban ƙasa ne ke sa hannu a takardar naɗin duka bakwai ɗin, amma biyar daga ciki ba shi ya zaɓo su ba, ba majalisa ba. Wa'adinsu shekara shida, ba a sabuntawa, saboda haka babu wanda zai yi fadanci don a bar shi a kujera. Su da kansu suke zaɓen shugabansu. Mutumin da bai ci albarkacinka ya hau ba, ba ya kuma jiran komai daga gare ka, yana iya kallon tsabar idonka ya faɗa maka abin da takarda ta ce.

A ƙarƙashin kundin 1999, aikin kotun ya kasu gida-gida. Tana duba doka kafin shugaban ƙasa ya sa mata hannu, idan shi, ko shugaban majalisa, ko kashi ɗaya cikin goma na 'yan majalisa suka nema. Wasu dokoki, irin waɗanda ke tsara manyan hukumomin ƙasa da dokar cikin gida ta majalisa, dole ne su bi ta hannunta ko ba wanda ya kai ƙara. Tana ba da ra'ayi a kan ma'anar wata aya idan an tambaye ta. Ita ke tantance 'yan takarar shugaban ƙasa, ita ke bayyana sakamakon ƙarshe, a gabanta shugaba ke yin rantsuwa. Talaka kuwa ba ya zuwa wurinta kai tsaye. Sai idan ana shari'a da shi a wata kotu, ya ce dokar da za a hukunta shi da ita ta saɓa wa kundi, sai a dakatar da shari'ar a miƙa tambayar sama. A Benin ɗan ƙasa na iya rubuta wa kotun takarda da kansa, abin da ya sa kotun can ta shiga rayuwar mutane fiye da ta Nijar, wadda mafi yawan jama'a ba sa jin sunanta sai lokacin zaɓe.

An zaɓi Tandja a ƙarshen 1999, aka sake zaɓensa a 2004, wa'adinsa na biyu zai ƙare 22 ga Disamban 2009. Aya ta 36 ta ce wa'adi shekara biyar ne, ana sabunta shi sau ɗaya tak. Aya ta 136 kuma ta kulle ƙofar: ba a yi wa aya ta 36 gyara ta kowace hanya. Tun ƙarshen 2008 magoya bayansa suka fara kiran tazarce, hujjarsu ita ce manyan ayyukan da ya ɗauko: madatsar ruwan Kandadji, gada ta biyu a Yamai, matatar mai ta Damagaram, mahaƙar yuraniyom ta Imouraren. A bar tsoho ya ƙarasa, in ji su, shekara uku kawai. A majalisa ba shi da hanya, domin gyaran kundi na buƙatar kashi uku cikin huɗu kafin ma a fara magana, jam'iyyarsa ta MNSD Nasara kuwa kujeru 47 take da su cikin 113. Sai lauyoyin fada suka ɓullo da dabara: ba gyara za a yi ba, sabon kundi za a kawo ɗungurungum, a tambayi jama'a ta ƙuri'ar raba gardama a ƙarƙashin aya ta 49.

Dabarar ba ta wauta ba ce, ya kamata a faɗi gaskiya. Idan mulki na jama'a ne, wane ne alƙali da zai hana a tambaye su? Wannan tambaya ce 'yan majalisa 23 suka kai gaban kotun, wadda Fatoumata Bazeye ke shugabanta tun 2007. Amsar da ta fito ranar 25 ga Mayu ta bi abin daki-daki. Aya ta 49 da ake dogaro da ita, in ji kotun, da bakinta ta ware gyaran kundi daga abubuwan da shugaba zai iya kaiwa ga ƙuri'ar jama'a. Sabon kundi kuma ba a yin sa sai a hali biyu: ko ƙasa ba ta da kundi sam, don sabuwa ce ko don wani abu da ya fita daga doka ya share na da, ko kuma kundin da ke aiki shi ya yarda a sake shi gaba ɗaya. Nijar ta 2009 ba ta cikin ko ɗaya. Sannan kotun ta taɓo inda ya fi yi wa shugaban zafi: ta ce ba zai iya ɗauko wannan aiki ba tare da ya karya rantsuwarsa ba. A Nijar shugaba hannu yake ɗorawa a kan littafin addininsa, Tandja kuwa a kan Alƙur'ani ya rantse, a bainar jama'a, cewa zai kiyaye kundin nan ya kuma sa a kiyaye shi. A ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, wannan magana ba ta buƙatar lauya ya fassara ta. Mai shayi a bakin tasha ya gane ta sarai.

Washegari, 26 ga Mayu, Tandja ya rusa majalisar dokoki. Wannan kam doka ta ba shi dama, amma a duba abin da ya tafi tare da majalisar. Ita kaɗai ke iya tuhumar shugaba da cin amanar ƙasa, kotun musamman da ke yi masa shari'a kuma 'yan majalisa ne ke zama a cikinta. Da bugu ɗaya ya kawar da masu kai ƙara da masu hukuntawa. Mutanensa suka ce abin da kotu ta bayar ai ra'ayi ne, ba hukunci ba, kuma ta fuskar doka ba su yi ƙarya ba. Ranar 5 ga Yuni ya sa hannu a dokar kiran ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta. Jam'iyyun da ba su yarda ba, ciki har da PNDS Tarayya da ANDP Zaman Lahiya, suka garzaya kotu. Ranar 12 ga Yuni ta soke dokar. Yanzu hukunci ne, aya ta 115 kuma ta ce hukuncinta ba a ɗaukaka shi, ya hau kan kowa, farar hula da soja.

Na ɗan lokaci abin ya yi aiki, kuma mutane kan manta da wannan. Hukumar zaɓe ta CENI ta bi umarnin kotu, ta ajiye batun raba gardama, ta koma shirin zaɓen majalisa. Dubban mutane suka fita zanga-zanga a Yamai ranar 14 ga Yuni, inda Moumouni Adamou Djermakoye, jagoran ANDP, ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Jam'iyyar CDS Rahama ta Mahamane Ousmane ta janye ministocinta daga gwamnati. Fada ta roƙi kotun ta janye hukuncinta, ranar 26 ga Yuni ta ƙi. A daren ranar Tandja ya fito a gidan talabijin na ƙasa ya ce ya ɗauki iko na musamman a ƙarƙashin aya ta 53, ayar da aka tanada don lokacin da 'yancin ƙasa ko iyakokinta ke cikin haɗari. Ayar ta ce majalisa ce za ta sa ido a kan yadda ake amfani da wannan iko. Majalisar kuwa babu ita. Bayan kwana uku ya dakatar da ayoyin da suka kafa kotun, ya sallami alƙalan, a farkon Yuli ya naɗa wasu.

Sauran labarin gajere ne. An kaɗa ƙuri'a 4 ga Agusta, aka ce kashi 92 da ɗoriya cikin ɗari sun amince, sabuwar kotu ta buga hatimi. Kundin jamhuriya ta shida ya ba shi shekara uku, ya cire iyakar wa'adi, ya kuma mayar da naɗin mafi yawan alƙalan kotun hannun shugaban ƙasa, abin da ke nuna ya gane sarai inda gizo ke saƙar. Ƙungiyar ECOWAS ta dakatar da Nijar a Oktoba, ta turo Janar Abdulsalami Abubakar shiga tsakani, tattaunawa ta cije. Ranar 18 ga Fabrairun 2010, ana cikin taron ministoci, sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kutsa fada suka kama shi.

Nan ne nake rabuwa da masu ba da labarin kamar nasara ce zalla. Gaskiya ne hukuncin 12 ga Yuni ya tuɓe wa tazarce rigar doka. Shi ya ba 'yan ƙwadago da ƙungiyoyin fararen hula da ƙasashen waje abin riƙewa. Ba don shi ba, da rigimar ta zama ta 'yan siyasa masu son kujera kawai. Gaskiya ne kuma sojojin 2010 sun dawo da Fatoumata Bazeye ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, ita ta tabbatar da zaɓen Mahamadou Issoufou a 2011, jaridar Daily Trust ta Abuja ma ta ba ta lambar gwarzon Afirka na wannan shekarar. Amma a tsaya a duba wanda ya zartar da hukuncin. Ba majalisa ba ce, ba 'yan sanda ba ne, ba masu ƙuri'a ba. Bindiga ce, bayan wata takwas. Kwana biyu da juyin mulkin, 'yan adawar da suka yi ta kiran a mutunta kundi suka cika titunan Yamai suna jinjina wa sojojin da suka jingine kundin. A Najeriya an kashe tazarcen Obasanjo a zauren majalisar dattawa ranar 16 ga Mayun 2006 ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. A Nijar darasin da ya zauna a zukata shi ne, idan shugaba ya fi ƙarfin alƙali, akwai bariki. Wannan darasi ba ya tambayar ko alƙalin yana da gaskiya kafin a sake amfani da shi.

Masu rubuta kundin 25 ga Nuwamban 2010 sun yi ƙoƙarin toshe kafofin da Tandja ya bi. Aya ta 47 ta ce ba wanda zai wuce wa'adi biyu ko ya tsawaita wa'adi da kowane irin dalili. Ƙin bin hukuncin kotun tsarin mulki ya shiga jerin abubuwan da ake kira cin amanar ƙasa. Tsarin alƙalai bakwai ya dawo kusan yadda yake a da. Issoufou kuwa ya yi wa'adinsa biyu ya sauka a 2021, karo na farko da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki a tarihin ƙasar. A batun tazarce, ana iya cewa kotun 2009 ta yi nasara bayan an rusa ta.

Sai dai a cikin shekarun nan goma martabar kotun ba ta ƙaru ba, raguwa ta yi a idon rabin ƙasa, kuma zaɓe ne sanadi. Duba doka aiki ne na karatu: ga aya, ga doka, a gwada su. Shari'ar zaɓe ba haka take ba. Takardar sakamako na tasowa daga rumfar zaɓe a wani ƙauye na Tahoua ko wata rugga ta Diffa, ɗauke da sa hannun ma'aikatan rumfa da wakilan jam'iyyu, idan sun halarta. Ta bi ta ƙaramar hukuma, ta isa Yamai, CENI ta karanta sakamakon wucin gadi. Daga nan dubban irin waɗannan takardu su taru a gaban mutum bakwai da 'yan mataimakansu, doka kuma ta ba su 'yan makonni. Ba su je rumfar ba. Abin da za su iya shi ne su soke takardar da lissafinta bai haɗu ba ko ta rasa sa hannu. Idan an yi aika-aikar tun a ƙauye aka kuma cike takarda tsaf, kotu ba ta da idon ganin haka, wanda ya faɗi kuma ba zai taɓa yarda rashin ido ne ba.

A 2016, lokacin shugabancin Kadidiatou Ly, kotun ta amince da takarar Hama Amadou alhali yana tsare a gidan yarin Filingué a kan shari'ar safarar jarirai. Daga kurkuku ya zo na biyu, 'yan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu, Issoufou ya tashi da kashi 92 da ɗoriya. A Nuwamban 2020, Bouba Mahamane na shugabanta, ta amince da 'yan takara 30 cikin 41, ta cire Hama saboda hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da ke kansa, kamar yadda dokar zaɓe ta tanada. Ta kuma yi watsi da ƙorafin da aka kai a kan takardun zama ɗan ƙasa na Mohamed Bazoum. Ranar 21 ga Maris 2021 ta tabbatar da Bazoum da kashi 55.66 cikin ɗari, Mahamane Ousmane da 44.34. Ousmane ya ce shi ya ci. Kowane ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan ana iya kare shi da ayar doka. Amma da aka jera su, duk suka faɗa ɓangare guda, magoya bayan adawa ba su sake kallon kotun a matsayin alƙali ba, sun ɗauke ta wani ofishi na masu mulki. Ko sun yi mata adalci ko ba su yi ba, abin da ya biyo baya ɗaya ne: ranar 26 ga Yulin 2023, da masu gadin fada suka tsare Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani da abokansa suka jingine kundi suka rusa hukumominsa, ba a ga taron da ya fito don kotun ba kamar na Yunin 2009.

Sojojin sun kafa wata babbar kotu ta ƙasa a ƙarshen 2023, ita ce ta cire wa Bazoum rigar kariya ranar 14 ga Yunin 2024. Kotun ECOWAS ta ba da umarnin a sake shi tun Disamban 2023, kamar yadda ta taɓa bayarwa a kan Tandja kansa a Nuwamban 2010 lokacin da Salou Djibo ke tsare da shi; a duka biyun masu riƙe da makulli ba su saurara ba. Tun 26 ga Maris 2025 ƙasar na tafiya ne a kan takardar sake gina ƙasa da ta ba Tiani shekara biyar, wa'adin da takardar kanta ta ce ana iya sauya shi gwargwadon halin tsaro.

Duk ranar da aka zauna rubuta kundin jamhuriya ta takwas, batun kotun nan zai dawo kan tebur, kuma ba a yawan alƙalai gardamar take ba. Za a bar wa lauyoyi da malaman jami'a da alƙalai zaɓen biyar cikin bakwai, ko za a koma tsarin Agustan 2009? Za a buɗe wa ɗan ƙasa ƙofa ya kai kukansa kai tsaye kamar a Kwatano, don kotun ta samu masu kare ta a wajen 'yan siyasa? Akwai ma masu ganin a raba ta da shari'ar zaɓe baki ɗaya, tunda nan take zubar da mutuncin da ta tara a wani wuri. Wannan shawara ta ƙarshe tana da daɗin ji, sai dai hukuncin 12 ga Yunin 2009, wanda ya soke kiran ƙuri'ar Tandja, kotun ta yanke shi ne da hularta ta alƙalin zaɓe.